Ranar da Yayana Ya Ƙi Dukan Doki

Yayana ya girme ni da shekara tara, kuma tun ban san hannun dama da na hagu ba shi yake bisa doki. Mahaifinmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Dogo, yana noman gero da gyaɗa. Yana da goɗiya guda wadda ba ta da wani kyau, amma a kanta Yaya ya koyi hawa, ba sirdi ba likkafa, da ragamar igiyar kaba kawai. Gajere ne siriri, ba shi da yawan magana. Ni kuwa tsoron dabbar nake ji, har yau ban daina ba. Shi ya sa da aka kai ni Damagaram wajen wani tela don in koyi ɗinki, ban yi kukan rabuwa da gida ba.

Lokacin da wannan abu ya faru na kai shekara ashirin da biyar. Ina da keken ɗinki nawa na kaina, ina da rumfa a Zango, bakin hanyar da ke zuwa kasuwa. Yaya ma ya dawo birni da matarsa da 'ya'yansa biyu, yana hawa wa wani Alhaji dawaki. Alhajin nan babban mai sayen gyaɗa ne, kakanninsa daga Barno suka zo. Dawakinsa huɗu a barga, amma ɗaya ake maganarsa a gari, wani bidi, doki mai launin toka-toka, mai dogon wuya da aka kawo masa daga gabas yana ɗan dukushi. Yaya ne ya horar da shi. Shi ke ba shi harawa da dusa da kanwa, shi ke fita da shi da sassafe kafin rana ta yi zafi. Alhaji da kansa ba ya kusantar turken sai Yaya na tsaye a wurin.

A shekarun nan sau biyu ake babbar sukuwa: ranar bikin nasara, wato Turawan da ke mulkin ƙasar, da damina, da kuma bayan kaka in an sayar da gyaɗa mutane sun ɗan sami sukuni. Filin yana bayan gari. An kakkafa itatuwa an shafa musu farar ƙasa, dawaki su zagaya su sau biyu. Nasara da matansu da manyan gari suna zaune a inuwa bisa kujeru, mu muna tsaye a rana bayan igiya, gardawa masu jar hula, wato dogaran kumandan mai mulkin garin, suna tura mu baya da sanda. Malamai sun hana caca, kumandan ma ya hana da baki, amma kusan kowa na yi. Ba takarda ba komai. Mutum biyu su tafa, su sami na uku ya zama shaida.

Rumfata ce majalisar masu maganar dawaki. Uku ne ba sa fashi. Akwai wani mahauci ƙato mai sabon keken hawa da yake jinginewa a jikin dirkata. Akwai wani kwamis, wato ma'aikacin biro, ofishin kumandan, wanda ya yi lakwal, makarantar boko, yana jin Faransanci, kullum da alƙalami a aljihun gaba. Sai wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin nasara ba haƙoran sama. A cikinsu babu wanda ya taɓa hawa doki a filin sukuwa, amma in ka ji suna magana sai ka ce su suka haifi dawakin. Ina taka keke ina sauraro, ina jin daɗi in an zo kan Yaya, don a lokacin ba wanda ke musun shi ne gwanin gari.

Sai aka kawo sabon likitan dabbobi, wani nasara matashi mai jan gashi. Ya je sukuwa sau ɗaya, ya ga dawaki sun dawo cinyoyinsu duk jini, wani ma dorina ta fasa masa ido. Bayan mako biyu kwamis ya zo rumfata da takarda, ya karanta ya fassara mana. An hana dorina. Bulala ta zama siririya. Ba a dukan doki a ka. Kuma ba a ɗaga bulala sai an wuce itacen ƙarshe an miƙe zuwa layi. Wanda ya saɓa, ko shi ya zo na ɗaya, an ƙwace.

Mahauci ya ce, "To sai a ba mahaya mafici su riƙa yi wa dawaki fifita."

Kwamis ya ce, "Haka ake yi a ƙasarsu. Ku ba ku san ci gaba ba."

Tsohon soja ya tofar da ruwan goro ya ce, "Na ga ƙasarsu. Dorinar da suka hana a jikin doki, ita gardi ke zuba wa mutum ranar aikin hanya. Wannan ba a rubuta mata takarda ba."

Wata guda ana wannan gardama. Wata rana Yaya ya zo karɓar wandon da na ɗinka masa, suka tare shi ya faɗi nasa. Ya ce shi dokar ba ta dame shi ba. Dokin da zai gudu zai gudu, wanda ba zai gudu ba ko an yanka shi ba zai gudu ba. Ya naɗe wandonsa ya tafi. Mahauci ya bi shi da kallo ya ce, "Yayanka yana ji da kansa, Tela."

A sukuwar bayan kaka ta shekarar, wani attajiri daga wajen Mirya ya kawo akawal, baƙi ƙirin, ana ta kurara shi. Mahauci ya ce akawal zai ci bidi. Na ce ƙarya ne. Muka yi ta yi har na ji kaina ya ɗau zafi, ya ce in na isa in sa wani abu. Na dubi rumfar, ba ni da abin da ya kai a yi magana a kansa sai keken da nake zaune a gabansa. Na ce na sa shi. Ya ce shi ma ya sa nasa na hawa. Muka tafa, tsohon soja ya zama shaida, ko da yake sai da ya ce mini sau biyu in sake tunani. Ban gaya wa Yaya ba. A ganina ba caca nake ba, keken hawa nake shirin karɓa.

Ranar sukuwa dawaki takwas suka tashi. Tun zagayen farko shida suka zama 'yan rakiya, ya rage bidi da akawal. Yaya yana kwance a wuyan bidi da 'yar shuɗiyar rigar da ni na ɗinka masa, ba ya motsi, kamar an ɗaure shi. Suka zagayo itacen ƙarshe kafaɗa da kafaɗa. Mahayin akawal ya fara zuba bulala. Na ga Yaya ya ɗaga tasa sama. Duk filin ya gani. Ya riƙe ta a sama kamar na numfashi biyu, sai ya sauke hannunsa ba tare da ya taɓa dokin ba, ya ɗan gyara zama ya koma baya. Akawal ya shiga layi da tazarar wuya ɗaya.

Ban ji ihun da aka yi ba. Abin da na tuna shi ne hannun mahauci a kafaɗata, yana cewa ba gaggawa, in kawo gobe ma ya yi.

Yaya ya sauka tun kafin ya iso wurin manya, ya jawo dokin a ƙasa. Mutane suka yanyame shi. Alhaji ya fito daga inuwa yana gyara babbar riga, bai ɗaga murya ba.

"Me ya faru?"

"Alhaji, ƙafar gaba ta hagu. Da muka karya kwana na ji ta ba da baya. In na matsa masa zai karye."

Alhaji ya dubi dokin. Yana tsaye a kan ƙafafunsa huɗu yana huci, ba ɗingishi ba komai. Aka kira likitan dabbobi ya shafa ƙafar sama da ƙasa, ya lanƙwasa ta, ya sa aka yi tafiya da dokin gaba da baya. Ya ɗaga kafaɗa ya faɗi wani abu, kwamis ya fassara da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Ya ce bai ga komai ba."

Washegari na ɗora keken a kai na kai gidan mahauci. Da na dawo na tarar da majalisa ta cika, har da waɗanda ban taɓa gani ba, suna zaune a rumfar da ba ta da keke. Duk wanda ya yi asara yana neman wurin da zai sauke haushinsa. Wani ya ce Yaya tsoron dokar nasara ya ji, ya rikice bai san ya wuce itacen ba. Kwamis ya ce a'a, ya wuce, doka ta ba shi dama, ƙin duka ya yi da gangan. Wani ya ce ran Alhamis an ga Yaya a kasuwa tare da wani baran attajirin Mirya, har an miƙa masa goro. Kafin azahar goron ya zama ƙunshi, kafin la'asar ya zama saniya da ɗan maraƙi suna jiransa a ƙauye. Tsohon soja kaɗai ya ce wanda ke bisa doki yana jin abin da na ƙasa ba ya gani. Mahauci, wanda ya ci riba da abin, shi ya fi kowa zaƙewa. Ya ce, "Ni na ci, amma gaskiya ba akawal ne ya ci ba. Sayar masa aka yi."

Ina zaune ina ji. Ɗan'uwana ake yanka a rumfata, na bari.

Kwana uku bayan haka Yaya ya zo, da hantsi, ba kowa sai ni. Ya ji labarin keken a wajen matarsa. Ya tsaya bakin rumfar yana kallon wurin da ƙafafun keken suka bar alama a ƙasa.

Ya ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Na ce, "Da na gaya maka da ka buga?"

Ya ce, "A'a. Da na hana ka sawa."

Wannan amsa ce ta ƙona ni. Shekara shida na yi ina ɗinki a ƙarƙashin wani kafin in mallaki keken nan, shi kuma yana tsaye yana gaya mini ƙafar doki ta fi shi. Na ɗaga kai na dube shi na ce, "Yaya, ni dai ka gaya mini. Me suka ba ka?"

Bai yi fushi ba. Da ya zage ni ko ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni kamar yana neman wani a fuskata bai same shi ba, ya ce, "Kai ma?" Ya juya ya tafi.

Na koma aiki wajen telan da ya koya mini, ina taka keken wani. Majalisa ta biyo ni can, don ba ni suke zuwa gani ba, wuri suke nema. Rani ya wuce ana maganar bulalar nan. Wani ya tsuguna ya zana filin a ƙasa da tsinke, ga itace, ga bidi, ga akawal, ga inda ya kamata a buga. Dokin kuma yana nan lafiya lau, Yaya na fita da shi kowace safiya, kowa na gani, kowa na cewa ina ƙafar da aka ce. Ba su san kullum sai ya gasa ta da ruwan ɗumi ya naɗe ta da tsumma ba, kuma ya daina sa shi gudu, sai tafiya. Matarsa ce ta gaya mini haka, ranar da ta zo shagon da mayafi har goshi ta tsaya daga gefe ta sa aka kira ni.

Ta ce, "Ɗan'uwanka ba ya cin abinci. Yara sun daina fita wasa, ana ce musu 'ya'yan mai sayar da doki. A masallaci in ya shiga sahu sai a matsa. Duk wannan bai dame shi kamar taka ba. Ka zo ka gan shi."

Na ce zan zo. Ban je ba. Kowace safiya in na zauna a keken da ba nawa ba sai zuciyata ta sake taurare.

Da damina ta kama, bikin nasara ya matso, aka ce akawal zai dawo. Yaya ya je ya sami Alhaji a zaure ya roƙe shi a bar bidi ya huta bana. Zauren cike yake da mutane, kwamis na cikinsu, shi ya kawo mana labarin yana dariya. Alhaji ya ce, "Bara ka sa an yi mini dariya daga nan har Mirya. Bana zai fita. In ba za ka hau ba akwai masu hawa. Kuma ba na son labarin ƙafa. In zai gaza, ya gaza da bulala a jikinsa."

Yaya ya ce, "Ba wanda zai hau shi sai ni."

A wannan karon ban sa komai ba, ba ni da abin sawa. Na sami wuri kusa da layi. An yi ruwa kwana biyu kafin ranar, ƙasa ta ɗan yi nauyi. Da suka wuce ta gabanmu a zagayen farko na ga fuskar Yaya, ban taɓa ganinta haka ba, kamar ta wanda aka aiko wa saƙon mutuwa. A zagaye na biyu, tun da sauran nisa kafin itacen ƙarshe, ya ɗaga bulala ya fara duka. Ba irin dukan da mahayi ke yi don ya tuna wa doki ba. Duka yake yi hagu da dama, a cinya, a kafaɗa, a wuya. Bidin da bai taɓa sanin bulala daga hannun nan ba ya miƙe kamar zai fita daga fatarsa. Filin ya ɗauki sowa. Mutanen da suka shekara suna zaginsa suna tsalle suna kiran a ƙara. Ya bar akawal da tsawon doki biyu, ya shiga layi shi kaɗai.

Bai yi taku goma bayan layin ba na ji ƙara kamar an taka busasshen itace. Dokin ya kifa da ka, Yaya ya wuce ta samansa ya faɗi a kan kafaɗa. Bidi ya yi ƙoƙarin tashi, ƙafar hagu ta gaba tana lilo daga ƙasan gwiwa, ya sake faɗuwa. Yaya ya rarrafo da hannu ɗaya ya rungume kan dokin yana yi masa magana a kunne. Likitan dabbobi ya zo a guje, ya duba sau ɗaya, ya kira gardi mai bindiga. Sai da mutum uku suka janye Yaya.

Ba a gama jan gawar dokin daga fili ba aka sanar cewa an ƙwace nasarar, saboda an yi duka kafin itace, akawal ne na ɗaya. Nan faɗa ya kaure a bayan igiya. Waɗanda suka sa a kan bidi suka ce idonsu ya ga wanda ya fara shiga layi, caca ba ta san takardar nasara ba. Waɗanda suka sa a kan akawal suka ce abin da manya suka yanke shi ne. Aka shaƙe wuyan riguna, aka fasa wa wani baki. Ina tsaye a tsakiyarsu ina kallon wasu mutum biyu sun kama Yaya suna fita da shi ta bayan rumfar manya. Ba wanda ya waiwaya. Alhaji ya riga ya shiga mota.

Na ɗauka daga ranar bakin kowa zai mutu. Da safe na tarar da 'yan majalisa a shago, sun riga ni zuwa.

Mahauci ya ce, "Kun gani? Da bara ya yi haka da ya ci. Ashe yana iyawa."

Wani ya ce, "Da gangan ya kashe dokin, don ya huce a kan Alhaji."

Kwamis ya ce, "Ni dai doka nake kallo. Mutum ya san doka ya take ta a gaban kumandan. Irin wannan ne ke sa nasara su ce ba mu isa riƙe kanmu ba."

Na ce, "Ƙafar da ya faɗa bara ita ce ta karye."

Mahauci ya ce, "Ƙasa ce ta yi laushi, Tela. Kowane doki zai iya karyewa a wurin nan."

Tsohon soja ya ɗauki sandarsa ya fita. Bai ƙara zama da su ba har ya mutu.

Na je gidan Yaya da la'asar. Maɗori ya ɗaure masa kafaɗa da karare, yana kwance a tabarma a tsakar gida, maƙwabta biyu suna zaune. Na gaishe shi, ya amsa kamar yadda ake amsa wa kowa. Na zauna ina jiran maƙwabtan su tashi. Da suka tashi na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko maɗorin ya iya aiki. Ya ce ya iya. Na yi masa Allah ya sawwaƙe na fito. Bayan mako uku Alhaji ya aiko a ce yana bukatar ɗakunansa da su Yaya suke ciki. Suka ɗora kayansu a jakai biyu suka tafi wani ƙauye a ƙasar Hamdara, wajen dangin matarsa, don mahaifinmu ya riga ya rasu an raba gonar. Ranar da suka tashi ina shago ina ɗinkin rigar wani, a bakin mutane na ji.

Shekara uku ban gan shi ba. A cikinsu aka yi ƙuri'ar i da a'a a kan ci gaba da zama tare da nasara, gari ya rabu, majalisa ta sami sabon abin gardama na ɗan lokaci. Likitan dabbobi ya koma ƙasarsu. Sai ga maganar mulkin kai ta zo da damina. Aka kawo wa shagonmu aikin tutoci, ruwan lemo da fari da kore, muna ta ɗinki tun safe har magariba. Kwamis ne ya kawo aikin. Ya zama babba a lokacin, ya yi tumbi, ya daina zama a benci, kuma shi aka ba shirya sukuwar bikin. Ya kira ni gefe.

Ya ce, "Manyan baƙi za su zo daga Yamai. Alhaji ya sayi sabon doki, amma mahayan yanzu duk shirme ne. Ka je ka kira yayanka. Ka ce masa abin da ya wuce ya wuce, an yafe masa."

Na ce, "An yafe masa me?"

Ya ce, "Kai dai ka je. Yanzu ƙasa tamu ce, dole mu nuna mun iya."

Na karɓi aiken, ba don su ba. Shekara uku ina neman dalilin zuwa, na rasa ƙarfin zuwa ba dalili. Na hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Mirya, daga nan na taka da ƙafa. Na same shi a gona yana maimai, wato noma na biyu, gero ya kai gwiwa. Ya rame ya yi baƙi, kafaɗar dama ta ɗoru a karkace, hannun ba ya ɗaguwa sama da ƙirji, da hagu yake tura hauya. Ya gan ni tun daga nesa, ya ƙarasa kunyar da yake kai sannan ya zo. Muka zauna ƙarƙashin wani gawo. Muka gaisa, ya tambayi mutanen birni, na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni, har da maganar yafewa. Ya yi ɗan murmushi.

Ya ce, "Su suka aiko ka."

Na ce, "E."

"Kai ba abin da ya kawo ka."

Na ce, "Akwai, Yaya. Maganar da na faɗa maka a rumfa."

Ya tsinki ciyawa yana murzawa a yatsu.

Ya ce, "Mutanen can ba su san ni ba, ba su san doki ba, duk abin da suka faɗa iska ce. Kai nono ɗaya muka sha. Ni na goya ka zuwa gona. Da ka ce me suka ba ni, kwana na yi ina tunani, in har kai ka yarda, to ba sauran wanda zai ƙi yarda." Ya jefar da ciyawar. "Amma ba wannan ke hana ni barci ba yanzu. Ranar nan tun zagayen farko na ji ƙafar. Na ji ta sarai, fiye da bara. Na san abin da zai faru. Ina iya tsayar da shi in sauka, su ƙara zagina shekara guda. Sai na ɗaga bulala, don ku gani. Dabbar nan tun tana ƙarama ba ta taɓa ƙin abin da na ce ba. Na ce ta gudu a kan karyayyar ƙafa, ta gudu."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe, don Allah. Tashi mu je ka sha fura, rana ta yi."

Haka ya faɗe ta, kamar mai amsa gaisuwa. Na bi shi gida, matarsa ta kawo fura ta ajiye ba ta dube ni ba. Yaran sun girma, suka gaishe ni daga nesa kamar baƙo. Da zan tafi ya raka ni har bakin gari, ya ce in gaya musu hannunsa ba ya riƙe linzami. Na ce ai da hagu ma ya fi su. Ya ce in gaya musu haka dai.

Na dawo na ce wa kwamis ba shi da lafiya. Aka yi bikin, aka ɗaga tutocin da muka ɗinka, aka yi sukuwa. Ban je ba. An ce kwamis ya zauna a kujerar da kumandan ke zama, Alhaji na gefensa, kuma dokin Alhajin ya zo na uku. Mahauci ya zo washegari yana cewa mahayan yanzu ba su da zuciya, da yayan Tela ne da an ga aiki.

Yaya ya ƙara shekara goma sha huɗu a duniya. Muna haɗuwa a suna da ta'aziyya, mu gaisa da kyau, ya tambayi aiki in tambayi gona. In na aika masa da riga da salla yakan aiko da godiya da ɗan buhun gyaɗa, kamar yadda ake yi wa mutumin kirki da ba a saba da shi ba. Bai ƙara taka Damagaram ba, ko da ciwon ajalinsa ya kama shi aka ce a kawo shi asibiti, ya ce a bar shi a ɗakinsa. Saƙon bai iso ni ba sai da aka kwana biyu da binne shi. Babban ɗansa ya ce mini sun rasa wanda za su aika.